Daga Tunis zuwa Alƙahira: a kan sawun Ibn Khaldun da magadansa

Gayyatar wani taron ƙara wa juna sani na malaman ilimin zamantakewa ce ta kai ni Tunisiya a tsakiyar hunturu. Tun da takardar ta iso na ƙudura cewa ba zan tsaya a zauren taro kaɗai ba. Na daɗe ina koyar da wannan fanni a jami'a, ina fara wa ɗalibai da Comte da Durkheim da Weber, Turawan da ake cewa su ne iyayen fannin, sunan Ibn Khaldun, malamin tarihin nan na ƙarni na 14, kuwa layi biyu ne a gefen darasi. Sai na ce bari in je garin da aka haife shi da garin da aka binne shi, in kuma ji daga bakin Larabawan da suka gaji fannin yadda suka yi da gadon.

Biza biyu na nema a Abuja, ta Tunisiya da ta Masar, da takardar gayyata da bayanin asusun banki da katin rigakafin shawara. Wani abokin aikina Badamagare da muka yi tafiyar tare bai sha wannan zirga-zirgar ba, don mai fasfo ɗin Nijar ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Tunisiya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, jirgi cike da masu Umara da 'yan kasuwa da marasa lafiya masu zuwa asibitocin Masar. Muka yada zango a Alƙahira, muka canja jirgi, bayan kamar awa uku muka sauka Tunis.

Ruwan sama ne ya tarbe mu. Mu a gida sanyi da ƙura suke zuwa tare, sama a bushe. A can lokacin sanyi shi ne daminarsu, iska daga teku tana ratsa ƙashi. Jami'in shige da fice ya juya fasfo ɗina ya sake juyawa, ya nemi takardar masauki da tikitin komawa, sannan ya buga hatimi. Tasi mai ruwan ɗorawa ta kai mu tsakiyar gari da mita, kuɗin bai kai dinari 15 ba. Dinarinsu yana da nauyi, kusan uku ne a dala ɗaya, kuma kashi dubu ake raba shi, saboda haka in mai shago ya ce maka dubu biyar, dinari biyar yake nufi. Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da Bab Bahar a kan dinari 90 kowane dare, har da karin kumallo na burodi da man zaitun da gahawa.

Washegari na fito titin Habib Burgiba. A ƙarshensa, tsakanin ofishin jakadancin Faransa da babbar majami'ar Katolika, mutum-mutumin Ibn Khaldun yana tsaye da alkyabba, rungume da littafi. Daga nan na kutsa cikin tsohon gari. Wanda ya san lungunan Kurmi ba zai ji baƙunta sosai ba, sai dai nasu an shimfiɗe su da dutse, an rufe saman kasuwar da ginin baka, kowace sana'a da layinta: masu turare, masu jar dara, masu littafi. Dara ɗin da dattawanmu ke sawa, a nan na ga ana tajewa ana gogewa da hannu. Na yi azahar a masallacin Zaituna, inda Ibn Khaldun ya yi karatu, sannan na gangara titin Turbat al-Bay zuwa gidan da aka haife shi ranar 1 ga Ramadan 732, wato 27 ga Mayu 1332. Gida ne mai lamba 33, da allon dutse a jikin bango. Ƙofar a rufe take. Ɗan gaba kaɗan akwai ƙaramin masallacin da ake cewa nan ya yi karatun allo.

Na jima a tsaye a wannan lungu ina tuna abin da ya faɗa wa yaron da ya tashi a cikinsa. Yana ɗan shekara 16 ko 17 annobar 1348 ta shigo Tunis, ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da yawancin malamansa. Daga nan ya shiga hidimar sarakuna, Fas da Garnaɗa da Bijaya, yau yana fada gobe yana kurkuku. Ya ga gidajen sarauta suna tashi suna faɗuwa a gaban idonsa. Da ya gaji ya koma Ƙal'at Ibn Salama a ƙasar Aljeriya ta yau, ya zauna cikin Larabawan Aulad Arif, a 1377 ya rubuta shahararren littafinsa Muƙaddima cikin wata biyar. Abin da ya sa gaba shi ne yadda za a tace labarin tarihi. Malaman hadisi suna bin amincin mai ruwaya. Shi ya ce a ƙara da auna labarin kansa da ɗabi'ar zaman jama'a, a ga ko abin zai yiwu. Ya kawo misalin masu tarihi da suka ce rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000, ya tambaya wace ƙasa ce za ta ciyar da su, wane fili ne zai ɗauke su a jere, alhali Farisa da duk girman mulkinta 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya. Daga wannan tambaya ya gina ilimin da ya ce sabo ne: yadda ƙauye da birni suke, yadda haɗin kan dangi yake kafa mulki, yadda jin daɗi yake cinye shi cikin zuriya uku, yadda haraji yake ƙaruwa a ƙarshen daula kuɗin shiga kuma yana raguwa.

A wajen taron na zauna kusa da wani dattijon farfesa Batunishe, ya yi ritaya amma ba ya fashin irin wannan zama. Da aka tashi ya ja ni wata rumfar abinci ya ce sai na ɗanɗana lablabi. Burodi ake gutsuttsurawa a kwano, a kwarara romon wake mai zafi, a fasa ƙwai, a zuba man zaitun da yajinsu harisa. Dinari biyar, kuma ya riƙe ni har dare. Muna ci na ce masa, "Farfesa, ku kam kun huta, uban fannin naku ne." Ya girgiza kai. Ya ce, "Dakta, mu ma ta hannun Faransawa muka karɓi fannin nan, kamar yadda kuka karɓa ta hannun Ingilishi." Ya ce masu binciken mulkin mallaka ne suka fara ƙirga ƙabilu da zawiyoyi don a san yadda za a mallake su. Bayan 'yancin 1956 aka buɗe Jami'ar Tunis a 1960, aka kafa cibiyar binciken tattalin arziki da zamantakewa a 1962, gwamnati kuma ta ɗauki masu fannin aikin tsara ƙasa: gonakin haɗin gwiwa, ƙaura daga ƙauye, tsarin iyali. Ya ambaci Abdulwahab Buhdiba da Abdulƙadir Zagal cikin na farko. Ya ce a Maroko cibiyar da Abdulkabir Khaɗibi ya shugabanta a Rabat rufe ta aka yi a 1970, don hukuma ta ga tana yaye ɗalibai masu yawan tambaya. Sai kuma matsalar harshe: tsofaffi sun rubuta da Faransanci, daga baya aka mai da karatun Larabci, ɗalibi ya tashi ba ya iya karanta malamin malaminsa. Na gaya masa mu namu ya fi haka, don muna binciken Hausawa da Hausa, mu rubuta da Turanci, wanda aka bincika ba zai taɓa karantawa ba.

Abin da ya fi girgiza ni a Tunis ba a zauren taro na gamu da shi ba. Wata ɗalibar digiri na uku, baƙar fata 'yar kudancin ƙasar, da ta ji daga Kano nake sai ta ce, "Ustaz, akwai inda ya kamata ka gani." Ta kai mu Suƙ al-Birka, kasuwar gwal a yanzu, shaguna sai ƙyalli. Tsakiyarta wani ɗan fili ne mai rufi da ginshiƙai. Nan ake tsayar da bayin da aka ƙetaro da su Sahara daga Barno da ƙasar Hausa da sauran ƙasashen Sudan. Sarkin Tunis Ahmad Bay ya rufe kasuwar a 1841, ya haramta bauta a 1846. Jikokin mutanen nan ba su watse ba. Sun yi gidajen jama'a a cikin birni, ɗaya ma Dar Barnu ake ce masa, sun riƙe wani kiɗa na warkarwa da ake kira sitambali, da gurmi babba da ƙarafan kaɗawa. Ta kunna mini a wayarta. Cikin waƙar da su kansu masu yin ba su san ma'anarta duka ba, na ji ana kiran Kure da Yarima. Bori ne, ya yi shekaru ɗaruruwa a bakin Bahar Rum. Wani Bature, Tremearne, ya zo nan ya yi bincike a kan borin Hausawan Tunis da Tarabulus ya buga a 1914. Ni ba mai bori ba ne, kuma na san hukuncinsa a wurin malamanmu, amma jin harshen uwata a bakin mutanen da aka raba da gida da ƙarfi ya sa na kasa magana. Ta ce da wannan take digirinta, kuma ba a daɗe da fara ɗaukar maganar baƙaƙen Tunisiya a matsayin abin bincike ba; dokar hana wariyar launin fata ma sai a 2018 aka yi ta.

A nan dole in faɗi abin da ke raina game da Ibn Khaldun kansa. Ya ƙaryata masu cewa baƙin fata tsinuwa ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya ce zafin ƙasa ne. Tarihin sarakunan Mali da ya rubuta, wanda ya ji daga bakin mutanen da suka san ƙasar, har yau masana suna dogara da shi. Amma a cikin Muƙaddima ya yi maganganu masu ciwo a kan baƙaƙe, ya siffanta su da rashin natsuwa da saurin miƙa wuya ga bauta. Bai taɓa taka ƙasar baƙaƙe ba. A wannan gaɓar ya karɓi jita-jitar zamaninsa bai auna ta da ma'aunin da shi ya kafa ba. Ina ganin girmansa, kuma zan karanta wa ɗalibaina waɗannan shafuka kamar yadda suke.

Da aka gama taro na nufi Ƙairawan. A tashar Munsif Bay ake shiga luwaj, farar bas mai jan layi, mutum takwas, ba ta tashi sai ta cika, kuma ba a ƙara ko mutum ɗaya. Tafiyar kilomita kusan 160 ce, na biya dinari goma sha wani abu. Gonakin zaitun ne hagu da dama. A wani shingen jami'an tsaro aka tsayar da mu, jami'in ya leƙo, ni da abokina kaɗai ya nemi takardunmu. Tun 2023 ake matsa wa baƙin haure 'yan kudu da Sahara masu neman ƙetarawa Italiya, duk baƙar fata a kan hanya sai an duba shi. Ya ga biza da takardar taro, ya maido da ladabi, bai nemi ko sisi ba. Wata tsohuwa da ke gefena ta miƙo mini lemo ta ce in yi haƙuri.

Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya ja Risala ya san sunan garin nan tun yana yaro. Na yi salla a masallacin Uƙba bn Nafi'u, wanda aka aza harsashinsa a 670, na ziyarci kabarin Ibn Abi Zaid mai Risala a cikin gari. Ibn Khaldun Bamalike ne irinmu, kuma akwai babin da ya kwatanta yadda ake koyar da yara a ƙasashen Musulmi. Ya ce mutanen Magrib Alƙur'ani zalla suke koya wa yaro har ya sauke, ba sa haɗa shi da komai, su Andalus kuwa suna haɗawa da waƙa da rubutu da ƙa'idojin Larabci. Ya faɗi amfanin kowanne da illarsa. Siffar da ya ba Magrib ita ce tsangayarmu. Ya kuma ce tsanani ga ɗalibi yana koya masa ƙarya da ha'inci da mutuwar zuciya, ya kawo maganar Ibn Abi Zaid cewa kada malami ya wuce bulala uku. Muna ta muhawarar almajiranci da rahotannin ƙungiyoyin waje, ga malami daga cikin mazhabarmu ya yi maganar tun shekara 600 da suka wuce. Na sayi makrud, wani soyayyen gari mai dabino a ciki da aka san garin da shi, na koma Tunis da yamma.

Daga Tunis na nufi Masar, kamar yadda Ibn Khaldun ya yi a 1382, bayan zama ya yi tsami tsakaninsa da Ibn Arafa limamin Zaituna. Ya nemi izinin sarki da sunan aikin hajji. Ya yi kwana arba'in a teku kafin Iskandariyya. Ni kuwa kafin la'asar ina Alƙahira. Ɗaliban Azhar 'yan gida ne suka tarbe ni, suka ba ni ɗaki a gidan da suke haya a unguwar Hayyul Ashir, suka yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka da aka aiko musu daga Zariya. "Malam, nan gidanka ne," in ji babbansu, kuma ko kuɗin cefane sun ƙi karɓa. Zuwan mutanenmu karatu garin nan tsoho ne: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makaranta a Alƙahira, a Azhar kuma akwai ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗalibai 'yan Barno. Fam ɗin Masar ya faɗi, kusan 50 a dala, don haka baƙo yana ganin araha inda ɗan gari yake kuka. Kwanon kushari, shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa, fam 40 na saya.

Na bi titin Mu'izz da ƙafa. Ga makarantar Sarki Barƙuƙ inda Ibn Khaldun ya koyar da fiƙihun Malikiyya, ga zawiyar Baibars a Jamaliyya da ya shugabanta. An naɗa shi alƙalin alƙalan Malikiyya sau shida, ana cire shi ana maido shi. A farkon zamansa a Masar jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya. A 1401 aka zura shi da igiya daga ganuwar Dimashƙa ya je ya zauna da Taimur Lang, sarkin da ya kewaye garin da yaƙi. Ya rasu a 1406, aka binne shi a maƙabartar Sufaye bayan Babun Nasr. Na fita ta ƙofar, na tsaya a bakin maƙabartar, motoci suna ta wucewa, babu ƙubba babu allo mai sunansa. Na yi masa addu'a daga nan. Almajirinsa Maƙrizi ya ɗauki wani abu na hanyarsa, ya bincika yunwar Masar ya ɗora laifin a kan sayen muƙamai da tsadar hayar gona da lalacewar kuɗi. Bayan su abin ya yi sanyi a ƙasashen Larabawa. Turkawan Usmaniyya ne suka riƙe littafin Muƙaddima suka fassara shi a ƙarni na 18, sai a 1857 aka buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar, a 1858 kuma a Paris.

A kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ataba, na sami Muƙaddima bugun Ali Abdulwahid Wafi. Mai shagon, da ya ga abin da nake nema, ya kawo kujera da shayi, muka yi ciniki a tsanake. Wafi ya yi digirinsa a Paris a 1931, ya dawo ya zama jigon fannin a Jami'ar Alƙahira, ya ƙare rayuwarsa yana kafa hujja cewa Ibn Khaldun ne ya fara wannan ilimi ƙarni huɗu da rabi kafin Comte. Kafin shi Ɗaha Husain ya rubuta nasa kundin a Sorbon a kan Ibn Khaldun, a ƙarƙashin Durkheim har malamin ya rasu a 1917, kuma shi bai yarda a kira abin ilimin zamantakewa irin na zamani ba. Wani masanin Balarabe, Saɗi'ul Husri, ya yi masa raddi. Wannan gardama ta wa ya riga wa ta ci ƙarfin mutane da yawa, kuma a ganina ba ita ce ta fi amfani ba. Wanda ya fi burge ni a wannan layi Ali al-Wardi ne na Iraƙi, da ya ɗauki maganar ƙauye da birni ya auna halin mutanen ƙasarsa da ita, ya sha suka daga kowane ɓangare.

Sai Sayyid Uwais, wanda saboda shi na je ƙubbar Imam Shafi'i. Ɗan unguwar Khalifa ne, ya yi digiri a Boston, ya yi aiki a cibiyar binciken zamantakewa da laifuka ta ƙasa. Ya lura talakawa suna aiko wa Imam Shafi'i wasiƙu ta gidan waya, mutumin da ya rasu tun 820, suna kai ƙarar wanda ya cinye musu gona ko ya sace musu saniya ko ya zalunce su a wurin aiki. Ya tattara wasiƙun ya nazarce su, ya buga a 1965. Abin da ya fito fili shi ne mutanen da suka yanke ƙauna daga kotun masu rai. A 1971 kuma ya fitar da nazarin rubuce-rubucen da direbobi ke yi a jikin motoci. Na zauna a cikin ƙubbar, na ga wata mata ta kama ƙarfen da ya kewaye kabarin tana magana ƙasa-ƙasa tana hawaye. Hukuncin wannan aiki a shari'a maganar malamai ce. Uwais tambayarsa daban: me ya kai ta nan, wa ya ƙi saurarenta? Na tuna manyan motocin da ke lodi a Dawanau, kowace da abin da aka rubuta mata a goshi da baya, da masu kiran gidajen rediyon Kano da dare suna kai kuka, ban kuma san adadin kundin da muka bari ya wuce mu a nan ba don muna jiran tambayar da mai ba da tallafi zai aiko.

Wata malama a Jami'ar Alƙahira da ta karɓe ni a ofishinta a Giza, bayan an riƙe fasfo ɗina a bakin ƙofa an ba ni katin baƙo, ta ce irin aikin Uwais ya yi wuya yanzu. Kafin ka fita da takardar tambayoyi sai ka sami izinin hukuma, kuma kowa yana tuna yadda aka kama Sa'aduddin Ibrahim a 2000, mai cibiyar da ya sa wa sunan Ibn Khaldun. Duk da haka ta ce ɗalibai mata sun cika sashen, suna rubutu a kan unguwannin da aka gina ba tsari da matan da ke riƙe da gida su kaɗai. Ta yi alfahari da cewa a 2018 an zaɓi Sari Hanafi, Bafalasɗine mai koyarwa a Bairut, shugaban ƙungiyar masana fannin ta duniya.

Daren da zan taho ɗaliban suka taru a falo, na buɗe babin koyar da yara na miƙa wa ɗayansu. Ya karanta da Larabci mai daɗi ba tuntuɓe, abin da yawancin ɗalibaina na jami'a ba za su iya ba, su kuma waɗannan ba a taɓa ce musu littafin ya shafi unguwarsu ba. Muka yi ta muhawara a kan tsangaya da haraji da 'yan siyasa har aka kira assalatu. Su suka raka ni filin jirgi. Littattafai sun sa jakata ta haura kilo, na biya ƙarin kuɗi, muka tashi cike da masu dawowa daga Umara da jarkokin zamzam, muka sauka Kano cikin hazo.